Manhajar ƙari ta Python ta ƙi aiki a VS Code: ina matsalar take?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Tawa, shekara ta biyu a sashen kwamfuta. An ce mu girka VS Code, manhajar rubuta kod, saboda darasin Python. Shi VS Code ɗin ya girku lafiya lau, amma duk sadda na shiga sashen Extensions na danna "Install" a kan Python, sai ya yi ta juyi, can daga baya ya rubuto "XHR failed". Wani abokina ya ba ni fayil ɗin a kile, na gwada, aka ce wai bai dace da VS Code ɗina ba. Da ƙyar ta shiga wata rana da tsakar dare, amma har yanzu in na danna don kod ya yi aiki ba na ganin komi. Ga shi kwamfutar ta yi nauyi tun da na ƙara wasu manhajojin da na gani a bidiyo. Na goge VS Code na sake girkawa, forfe ɗina kawai ke ƙarewa. Kwamfutar ta hannu ce, RAM giga 4. Mi zan yi?

Wani ɗalibi, Tawa

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komi, ka daina goge VS Code kana sake girkawa. In ka goge shi, dosiyen da manhajojin ƙari, wato Extensions, ke ciki ba ya tafiya. A Windows yana nan a %USERPROFILE%\.vscode\extensions, saitunanka kuma suna %APPDATA%\Code. Sabon da ka girka zai tarar da su yadda tsohon ya bar su, ya ci gaba da halinsa. Asarar mega ce kawai, wajen 100 a kowace saukewa.

Abin da ka kawo mini a matsayin matsala ɗaya, matsaloli huɗu ne da suka haɗu a kwamfuta ɗaya, kuma a cikinsu da wuya a sami wadda laifin manhajar Python ɗin ce.

Mu fara da "XHR failed". Saƙon nan yana nufin VS Code ya yi ƙoƙarin magana da kasuwar manhajoji ta Microsoft, maganar ta katse a hanya. Tunda ka ce ta shiga da tsakar dare, na fi zargin rezo. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, in ka danna "Install" a kan Python ba abu ɗaya kake saukewa ba. Tana jawo Pylance, wadda ke cike maka kod tana ja maka layi a ƙarƙashin kuskure, tana kuma jawo Python Debugger. In rezo ya yi rauni a tsakiyar ɗaya daga cikinsu, sai ka ga kamar komi ya lalace.

Duk da haka ka duba agogon kwamfutar, dubawar kyauta ce. Kwamfutocin hannu da ake kawo mana da yawa ƙaramin pil ɗin da ke riƙe musu kwanan wata ya riga ya mutu, sai ka kunna ka ga sun koma shekarun baya. Haɗin HTTPS yana aiki ne da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwamfutarka tana zaton tana wata shekarar, sai ta ɗauki takardar ba ta da inganci, ta ƙi haɗin. Ka gyara rana da awa, ka tabbatar shiyyar lokaci tana UTC+1, wato tamu. Sannan ka leƙa saitunan proxy na Windows, wato ƙofar tsakiya da ake sa kwamfuta ta bi kafin ta fita intanet. Kwamfutar da ta taɓa aiki a wani kamfani a Turai takan zo da adireshin proxy na kamfanin a ciki, tana ta neman wata ƙofa da ba ta wanzu a Tawa. A cikin VS Code ma akwai saitin http.proxy, in ba kai ka rubuta komi a wurin ba, ya kamata ka same shi wayam. In kana da VPN, kashe shi ka gwada. Gwaji mafi sauri kuwa: buɗe marketplace.visualstudio.com a burauza. In can ma ya ƙi, bar VS Code ya huta, ba shi ba ne.

Wani abu da ke faruwa da mu a nan: wuta ta ɗauke ana cikin saukewa, batirin kwamfutar kuma ya gaji, ta mutu nan take. Sai a sami rabin dosiye. In ka ga manhajar ƙari tana nuna ta girku amma ba ta motsi, rufe VS Code gaba ɗaya, shiga dosiyen extensions ɗin da na ambata, goge dosiyen waccan manhajar ita kaɗai, sannan ka sake girka ta.

Yanzu fayil ɗin abokinka. Ba ka faɗa mini wace Windows ke kwamfutarka ba, kuma amsar tana can. Fayil ɗin da ya ba ka mai ƙarewa da .vsix ne, kuma kowace manhajar ƙari tana ɗauke da rubutu a cikinta mai cewa: ba na aiki sai da VS Code siga kaza ko sama da haka. Abokinka ya sauke sabuwa, kai kuwa wataƙila naka VS Code tsoho ne. Shiga Help, ka zaɓi About, in kuma naka da Faransanci yake to Aide sannan À propos, ka ga lambar. In Windows 7 gare ka, sigar 1.70 ta shekarar 2022 ita ce iyakarka, ba za ka wuce ta ba. Windows 8 da 8.1 sun tsaya a 1.79 ta 2023, Windows mai bit 32 kuma a 1.83. Wannan ne ma ya sa wadda ta shiga a daren nan ta dace da naka: in VS Code da kansa ya je kasuwa, yana zaɓo maka siga mafi sabunta a cikin waɗanda suka dace da shi. Fayil ɗin kile ba ya da wannan wayon.

Hanyar kile ba laifi ba ce, ni ma ita nake ba ƴan aji shawara a kai, amma a yi ta daidai. Wanda ke da intanet mai ƙarfi ya shiga sashen Extensions, ya danna dama a kan manhajar, ya zaɓi "Download VSIX", ko "Download Specific Version VSIX" in tsohuwar siga ake buƙata. Ya lura da irin kwamfutar da za a kai wa, don wasu manhajojin, kamar Python Debugger da C/C++, suna da fayil daban na Windows, daban na Linux, daban na Mac. Kuma ya sauko da duka ukun, Python da Pylance da Python Debugger. In ba haka ba, ta farkon za ta shiga ta koma neman ƴan uwanta a intanet ɗin da ba ka da shi. Kai kuma a naka ɓangaren, danna ɗigo ukun da ke saman sashen Extensions ka zaɓi "Install from VSIX", ko ka rubuta code --install-extension da sunan fayil ɗin a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umurni. Ku shirya wannan tun farkon zangon karatu, mutum ɗaya ya sauke wa kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da za a miƙa aiki ba lokacin faɗa da rezo ba ne.

Sai dai ka san daga hannun wa kake karɓa. Manhajar ƙari tana da ikon da kake da shi a kwamfutarka: tana karanta fayilolinka, tana iya tura su waje. Akwai masu kwaikwayon sunayen sanannun manhajoji don su yaudari mutane. Kada ka tsaya ga suna da hoto, duba lambar shaidarta. Ta gaskiyar ita ce ms-python.python, Pylance kuma ms-python.vscode-pylance.

In ta tabbata Windows 7 ce, ra'ayina shi ne ka rabu da ita. Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Python 3.8 ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta, ita ma an daina sabunta ta a Oktoban 2024. In injin naka mai bit 64 ne, Linux Mint mai Xfce ko Lubuntu za su zauna lafiya a giga 4, su ba ka sabon VS Code da sabuwar Python. Ka kwashe fayilolinka a kile tukuna, ka kuma nemi wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da kai.

Matsala ta uku ita ce na fi gani a wurin masu farawa. Manhajar ƙari ta Python ba ita ce Python ba. Ka sayi sirdi da linzami ne, doki bai zo ba tukuna. Ita aikinta ta yi wa kod launi, ta taimaka maka wajen rubutu, ta miƙa fayil ɗinka ga Python ɗin da ke kwamfutar. In babu shi, babu wanda za ta miƙa wa. Buɗe taminal daga menu na Terminal. Za ka ji masu bidiyo suna cewa a danna Ctrl da wata ƴar alama da ke ƙarƙashin Esc. Wannan na masu QWERTY ne, a AZERTY na Faransa Ctrl da ù ne. Rubuta python --version, in bai amsa ba gwada py --version. In ka ga lamba irin 3.12, yana nan. In aka ce ba a san umurnin ba, ko rubuta python kawai ya buɗe maka Microsoft Store, to babu shi, ko kuma Windows ba ta san inda yake ba. Sauke shi daga python.org, kuma a shafin farko na girkawa ka sa alama a akwatin "Add python.exe to PATH", wanda ke sanar da Windows inda yake. Akwatin ɗan ƙarami ne a can ƙasa, mutane suna wuce shi da gudu, daga baya su yi mako suna neman abin da ya faru. Bayan nan rufe VS Code gaba ɗaya ka sake buɗewa, don taminal ɗin da ke buɗe ba ya ganin sabon PATH. Sannan danna Ctrl+Shift+P, rubuta "Python: Select Interpreter", ka zaɓi wanda ka girka. Ranar da kuka shiga darasin C haka za ta sake faruwa: manhajar C/C++ ba ta zuwa da gcc, wato mai fassara wa kwamfuta kod ɗin C, sai ka girka shi daban, misali ta MSYS2.

In Python yana nan amma shiru, duba ƙananan abubuwa. Sunan fayil ya ƙare da .py? Ka adana shi kuwa? Ɗigon da ke maye gurbin alamar rufewa a kan sunan fayil yana nufin ba a adana ba, tsohon rubutun ne zai gudana. In ka ga "Restricted Mode" a ƙasa, VS Code bai amince da dosiyen ba tukuna, kuma tun 2021 yana taƙaita aikin manhajojin ƙari a irin wannan hali. In dosiyenka ne, ka ce ka amince. Ina kuma kyautata zaton cikin waɗanda ka gani a bidiyo akwai Code Runner. Ita tana fitar da sakamako a sashen Output, inda ba a iya rubuta komi, saboda haka duk kod mai input() zai tsaya yana jiran amsar da ba ka da hanyar ba shi. Ko ka kunna saitin code-runner.runInTerminal, ko ka cire ta, wanda shi na fi so, tunda manhajar Python tana da nata maɓallin gudanarwa.

Batun nauyi kuwa, VS Code an gina shi ne a kan Electron, wato akwai injin burauza na Chromium a cikinsa. Giga 4 za su ɗauke shi, amma ba tare da Chrome mai shafi goma da manhajojin ƙari ashirin ba. Rufe shi, buɗe taminal na Windows, rubuta code --disable-extensions. In ya tashi sakayau, to ɗaya daga cikin baƙin ne. Don gano ta akwai umurnin "Help: Start Extension Bisect": yana kashe rabinsu ya tambaye ka ko matsalar tana nan, ya sake raba rabin, har ya rage guda. Ko 30 gare ka, tambaya biyar ko shida ta isa. "Developer: Show Running Extensions" kuma yana nuna lokacin da kowace ta ci kafin ta tashi. Kada ka buɗe Desktop gaba ɗaya ko faifan C a matsayin wurin aiki, don Pylance zai yi ta bin fayiloli yana karantawa. Yi wa kowane darasi ƙaramin dosiyensa. In har yanzu injin na nishi, mayar da saitin python.languageServer zuwa Jedi. Bai kai Pylance wayo ba, amma a aikin shekara ta biyu ba za ka ji bambancin sosai ba. Saboda forfe kuma, kashe extensions.autoUpdate, ka riƙa sabuntawa da hannunka ranar da ka sami wifi.

Masu bidiyon "manhajoji 20 da dole ka girka" suna da injuna masu giga 16 ko 32 da intanet da ba ya yankewa. Kai Python da abokan tafiyarta biyu sun ishe ka wannan shekarar, sai ta harshen Faransanci in ka fi sakewa da shi.

In ka bi duk wannan abin bai warware ba, sake rubuto mini da abu uku: abin da About ya nuna, abin da python --version ya amsa, da layukan ƙarshe na sashen Output bayan ka zaɓi "Extension Host" a ɗan akwatin da ke dama. Ka kwafo rubutun kamar yadda yake, kada ka ɗauko hoton allo da waya.