Tambaya da Amsa: Jirgin San Jacinto, daga gaɓar Afirka zuwa yaƙin basasar Amurka

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan unguwar Nima ne a birnin Akara, ina aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Tema, nan Ghana. Wani abokin aikina ya ce akwai jirgin yaƙin Amurka da ya yi sintiri a tekunmu yana kama masu fataucin bayi, daga baya ya kusa haɗa Amurka da Ingila faɗa. Gaskiya ne, ko hirar bakin tasha ce?

AMSA: Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba. Sunan jirgin San Jacinto. A New York aka ƙera shi, aka sa shi a ruwa a 1850. Yana da injin tururi mai cin kwal da farfela a baya, ga kuma manyan ƙyallaye da iska ke turawa, don a rage cin kwal.

A 1859 aka tura shi cikin ayarin da ke tsaron gaɓar Afirka ta yamma. A lokacin fataucin ya fi ƙarfi can kudu da mu, wajen bakin kogin Kwango. Nan ne ranar 8 ga Agusta 1860 ya tare wani jirgi mai suna Storm King, aka leƙa ciki aka tarar da mutane fiye da 600 a cunkushe, za a ƙetara da su a sayar. Aka sauke su a Monrobiya ta Laberiya. A ganina wannan ne aikin alheri mafi girma da jirgin ya taɓa yi, amma ba da shi ake tunawa da shi ba.

Abin da ya yi masa suna rigima ce. Yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, Shugaba Lincoln ya ba da umarnin datse tashoshin ruwan jihohin Kudu da suka ɓalle, kada audugarsu ta fita, kada makamai su shiga. Kyaftin Charles Wilkes, mutum mai taurin kai, shi ya karɓi jirgin zai mayar gida. Ranar 8 ga Nuwamba 1861, kusa da Kyuba, ya harba igwa a gaban jirgin wasiƙun Ingila mai suna Trent, ya tsayar da shi, ya sa aka fito da jakadun Kudu biyu, Mason da Slidell, da ke kan hanyar neman goyon baya a Turai. Ba wanda ya aike shi. Mutanen Arewa suka yi ta yi masa kirari, Ingila kuwa ta fusata har ta tura dubban sojoji Kanada. Lincoln ya ga yaƙi biyu ba ya ɗaukuwa, aka saki mutanen a farkon Janairu 1862.

Shi kansa aikin datse tashoshin ba wani armashi gare shi. Zaman jira ne cikin zafi, da lodin kwal (kai ka san wannan wahalar), ga zazzaɓin shawara yana kayar da matuƙa. Jiragen fasa-ƙwaurin da ke tasowa daga Nassau ta Bahamas da Habana ta Kyuba sirara ne, masu gudu, fentinsu ruwan toka, kuma sai daren da babu wata suke fitowa. Sa San Jacinto ya bi su kamar a ce tirela ta kamo ɗan okada a lungunan Nima ne. Ya dai kama wasu, ciki har da Lizzie Davis a Satumba 1863. Amma a Nuwamba 1862 ya tsare Alabama, shahararren jirgin Kudu, a bakin tashar tsibirin Matinik, Alabama ya sulale masa cikin duhu.

Ba abokan gaba suka nutsar da shi ba. Ranar 1 ga Janairu 1865 ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Abako a Bahamas. Aka kwashe igwoginsa, aka kasa ciro shi. Gangar jikinsa kuwa a 1871 aka sayar da ita a Nassau, wato matattarar 'yan fasa-ƙwaurin da ya sha wahalar bi.