Tambaya da Amsa: Daga ina ya dace a kalli Ikara?

Tambaya: Ina karatu a Adelaide, a Ostireliya, kuma ina so in je in ga Wilpena Pound, wato Ikara, wani babban kwari da duwatsu suka kewaye. Sai dai na ji an ce akwai inda mutanen Adnyamathanha, 'yan asalin wurin, ba sa so a taka. A ina zan tsaya in sha kallo ba tare da na saɓa musu ba?
Wata ɗaliba

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Wurin shi ne ƙololuwar St Mary Peak, wadda su suke kira Ngarri Mudlanha, mai tsayin kimanin mita 1,170. A labarinsu na asali, duwatsun da suka kewaye kwarin jikin wasu manyan macizai biyu ne, Akurra, ƙololuwar kuma kan ɗayansu ne. Shi ya sa suke roƙon masu hawa su tsaya a Tanderra Saddle, wani wuri da ke ƙasa da ƙololuwar. Roƙo ne, ba shinge aka sa ba, amma baƙo mai kunya ba ya jiran shinge. Ƙasarsu ce: kotu ta tabbatar musu da haƙƙinta a 2009, a 2016 kuma aka ƙara sunan Ikara, wato wurin taro, a sunan gandun dajin Flinders Ranges, inda kwarin yake.

Shawararmu ki nufi wurin kallo na Wangara Lookout. Daga Adelaide zuwa Wilpena kimanin kilomita 430 ne. Ki cika tanki a garin Hawker, ki biya kuɗin shigar mota ta intanet tun kafin ki tashi, don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can. Daga cibiyar baƙi za ki bi gefen rafi, a inuwar manyan itatuwan turare, har tsohon gidan Hills Homestead. Daga nan hawa ya fara. Dandamalin kallo biyu ne, na ƙasa da na sama. Ki daure ki kai na saman, daga can ake ganin kwarin a zagaye kamar akushi. Zuwa da dawowa kusan kilomita 8 ne, ki ware awa uku.

Inda mutane suke kuskure shi ne lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi yakan haura digiri 40, har a rufe wasu dogayen hanyoyi. Ki je tsakanin Afrilu da Oktoba, ki fita da sassafe, da ruwa lita 3 da takalmi mai riƙe dutse. Kada ki yi tuƙi da magariba, lokacin ne kangaru ke faɗowa kan titi.

In kin biya ta Arkaroo Rock, wani dutse kusa da Wilpena, zanen jar ƙasa da gawayi ne a jikin dutsen, da ido kawai ake kallonsa.