Cukuna ya yi sati uku bai yi ɗanɗano ba, in jira ko in zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa ta Kamaru nake. Na koyi haɗa cuku mai tauri irin na Turai, da madarar shanu da ruwan daskarar da madara da ake kira presir. Na yi dunƙule biyu, kowanne bai cika kilo ɗaya ba, na danne su, na jiƙa a ruwan gishiri, na ɗora kan kanta a ɗakin girki. Da aka yi sati uku na kasa daurewa na yanka ɗaya, sai na ji shi lami, ga danƙo. Ɗayan kuma bayansa ya tsage, yana tsattsafo da mai, fumfuna ta fara fitowa a tsagar. In ci gaba da jira ne, ko aikin ya ɓaci?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Abu biyu ne suka haɗu miki. Ɗaya ba laifi ba ne ko kaɗan, ɗayan kuma shi ne ainihin matsalar.

Cukun sati uku dole ya yi lami, dole ya yi danƙo. Haka na kowa yake. A kwanakin farko ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinsa suna cinye ɗan zaƙin madarar da ya rage, su mai da shi tsami. Sai bayan nan ne ragowar presir ɗin da sinadaran da ƙwayoyin suka saki za su fara farfasa furotin da kitsen da ke ciki, a hankali a hankali. Wannan farfasawar ita ke kashe danƙon, ita ke kawo ƙamshi da garɗi. Kin san kalwa ranar da aka dafa ta ba ta da ƙamshin daddawa, sai an rufe ta ta kwana. To na cuku ba kwanaki ba ne, watanni ne. A Faransa ba a yarda a sayar da cukun Comté sai ya yi wata 4 a ajiye. Gruyère na Suwizalan sai ya yi wata 5, Parmigiano Reggiano na Italiya kuwa sai ya cika wata 12, kuma da yawa ana barinsa har shekara 2. Ƙaramin dunƙule irin naki, kada ki sa masa wuƙa kafin wata 2, in ya samu 3 ya fi.

Amma jira a kan kantar ɗakin girki a Garwa ba zai nunar da cuku ba, lalata shi zai yi. Cuku mai tauri yana son sanyin digiri 10 zuwa 13, da iska mai laima, kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Garwa a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40. Man da kika ga yana tsattsafowa kitsen cukun ne ke narkewa. Tsagar kuwa busasshiyar iska ce ta jawo ta: bayan ya bushe ya ƙanƙance, cikin yana nan da danshi, sai bayan ya yage. Iskar hunturu ma haka take yi masa, ko da garin da sanyi. Mutanen Ngaundere da ke kan tudu, sama da mita 1,000, sun fi ku sauƙi, amma su ma ɗakinsu bai yin sanyin da ake so.

Saboda haka firji ne mafita. Sai dai shi ma yana da halinsa: sanyinsa wajen digiri 4 ne, ya yi yawa, kuma yana busar da abu. Ki sami robar ajiye abinci mai murfi wadda ta ninka cukun girma sau uku ko fiye. Ki jera tsaftatattun 'yan sanduna a ƙasa don kada ya zauna cikin ruwansa, ki ɗora shi, ki rufe amma ki bar 'yar kafa. Ki sa robar a aljihun kayan lambu na can ƙasa, nan ne sanyi ya fi sauƙi. In kika ga raɓa ta taru a murfin, ki goge, ki ƙara buɗe kafar. In bayan cukun ya fara ƙeƙashewa, ki sa ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe, kada ya taɓa shi. A wannan sanyin zai nuna, amma a hankali, ki ƙara masa lokaci sosai a kan wata ukun nan. Wanda ke da tsohon firji na daban yana iya sa mai gyara ya haɗa masa na'urar daidaita sanyi ya tsaya a digiri 12. In an ɗauke wuta, ki jera robobin ƙanƙara kusa da shi, ki rage buɗe ƙofar. Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi tana riƙe tumatir, amma a bazararku ba ta sauko da zafi zuwa inda cuku ke so.

Haƙurin nan kuma ba na naɗe hannu ba ne. Sati biyun farko kullum ki juya shi, da wankakken hannu, don danshin ya rarrabu daidai. Bayan nan sau biyu a sati ya isa. Fumfuna fara ko shuɗiya a bayan cuku mai tauri ba abin tsoro ba ce: ki jiƙa ƙyalle a ruwan gishiri mai kauri ko binega, ki goge, ki bari ya sha iska. In bayan ya bushe sarai, hannu bai jin danshi, kina iya narka kakin zuma ki lulluɓe shi duka, sai juyawa kawai ta rage miki. Kakin zuma ba ya wuya a Adamawa, ƙasar zuma ce. Amma kada ki rufe cuku mai danshi da kaki, ruɓewa zai yi daga ciki.

Su kuma dunƙulen nan biyu naki. Wanda kika yanka, ki shafe fuskar yankan da man shanu, ki sa a robar, ki riƙa goga shi a kan taliya ko ƙwai ana dafawa. Wanda ya tsage, ni ba zan ba ki shawarar ki ƙara masa watanni ba, don fumfuna ta samu hanyar shiga. Ki yanke tsagar da faɗin santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, ki duba cikin. In yana da tauri, launinsa ɗaya, ƙamshinsa na madara ne, ki yi girki da shi cikin 'yan kwanaki. In ya kumbura, ko ya cika da ƙananan ramuka, ko yana yauƙi, ko wari ya bugi hancinki, ki zubar gaba ɗaya, kada ki ɗanɗana.

Akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma ya fi duk waɗannan damuna: ɗanyar madara kika yi da ita, ko kin ɗumama? Bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, da tarin fukan shanu suna kama mutum ta ɗanyar madara, kuma ajiyar sati uku cikin zafi ba ta kawar da haɗarin. In ɗanya ce, duka biyun kada a ci sai an dafa su sosai, kuma kada a ba mai juna biyu ko ƙananan yara. Nan gaba ki ɗumama madarar zuwa digiri 63, ki riƙe ta nan minti 30, ki sauko da ita wajen 32, ki zuba 'yan cokula na sabon yogot mara sukari, ki ba shi kamar minti 45, sannan presir. Kada ki tafasa ta, tafasasshiyar madara ba ta daskarewa da kyau. Ma'aunin zafi dole ne a nan, yatsa ba ya faɗin gaskiya. Cukun da aka daskarar da ruwan tumfafiya kuwa ba na ajiya ba ne, na kwana biyu zuwa uku ne.

Ga dabarar da nake ba duk mai farawa, don na san ciwon zuba wa abu ido wata uku. Lita 10 na madara na ba da wajen kilo 1. Ki riƙa yin dunƙule ɗaya duk sati biyu, ki rubuta ranar a takarda ki manna a robar, tare da yawan gishirin da kika sa da abin da kika lura da shi. Kafin na farko ya nuna kin tara wasu a bayansa, daga nan duk sati biyu kina da na yankawa. Ki ware guda ɗaya ki bar shi ya kai wata 6, ranar da kika yanka shi ki haɗa shi da ɗan wata 2 ki ɗanɗana su tare, ki rubuto mana abin da kika ji.