Amsa ga Alhaji kan ɗan rago mai ido ɗaya

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Alhaji, ranka ya daɗe, na ga hoton da ka tura na ɗan ragon da aka haifa da ido ɗaya a tsakiyar fuska, kana tambaya ko abin yana da bayani. Yana da shi, kuma na fi so in faɗa da baki.

Alhaji, kowane ɗan tayi, na tunkiya ne ko na kaza ko na mutum, da filin ido guda ɗaya yake farawa, a gaban abin da zai zama ƙwaƙwalwa. Guda ɗaya tak, a tsakiya. To a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan siririn nama, shi ba ido ba ne, ba zai taɓa zama ido ba, amma shi ke fitar da wani sinadari da masana ke kira Sonic hedgehog. Wannan sinadarin ne ke hana ƙwayoyin tsakiya zama ido, sai filin ya rabu, dama da hagu, hanci ya samu hanyar saukowa. In saƙon bai isa ba, filin ba ya rabuwa. Ka ƙara duba hoton, sau da yawa za ka ga ɗan tsiron nama a saman idon. Hancin ne ya rasa hanya.

An ga wannan a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950. Makiyaya suna ta samun irin waɗannan 'yan raguna, aka yi shekaru ana bincike kafin a gano wani tsiro, Veratrum californicum, da tumaki ke ci a kan tsaunuka. In tunkiya ta ci shi a rana ta 14 da ɗaukar ciki, gubarsa ta toshe saƙon nan. Tsiron na can ne. Kuskure a ƙwayar gado ma yana kawo haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ke biyo baya in filin ya rabu lafiya. Ƙwaƙwalwa tana turo ɗan kumburi ta kowane gefe, kamar ƙullin fura, har ya taɓa fatar kai daga ciki. Daidai inda ya taɓa, fatar ta yi kauri, ta lotsa, ta ɓalle ta zama madubin ido, ɗan abin nan na cikin ido mai tattara haske. Wato madubin idonka asalinsa fata ne, Allahu Akbar. Shi kuma kumburin ya lotsa kamar ƙoƙo, ya zama tantanin gani, wanda ke karɓar haske a bayan ido. Hans Spemann, Bajamushe, a 1901 ya ƙone wurin da wannan kumburin zai fito a tayin kwaɗo da allura mai zafi, bai taɓa fatar wurin ba, amma madubin ya ƙi fitowa.

A mutum, alamar ido ta farko tana bayyana wajen rana ta 22, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Shi ya sa nake roƙon matan gidan nan, mai neman haihuwa kada ta sha magani barkatai, na kemis ko na gargajiya.

Ɗan ragon kuwa, Alhaji, da wuya ya rayu, don ƙwaƙwalwarsa ma ba ta rabu biyu ba. A gaya wa mai shi kada ya tsangwami tunkiyar. Ya tuna inda ta yi kiwo da abin da aka ba ta makonni biyu bayan barbara, ya faɗa wa likitan dabbobi. A gaida su Hajiya.