Hoto Ba Gilashi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kyamarar Hudar Allura

Tambayoyin wannan fitowar duk sun tattaru a kan kyamarar da mutum ke haɗawa da hannunsa daga kwali ko gwangwani, wadda ba ta da gilashi sai ƴar huda guda. Mun haɗe masu kama da juna.

Wani mai karatu ya ce: Ta yaya akwati marar gilashi zai ɗauki hoto? Ni dai ban gamsu ba.

Malam, haske a miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga saman bishiya in ya ratsa ƙaramar huda, ƙasan bangon akwatin zai sauka, na gindinta kuma ya sauka a sama. Haka kowane ɗigo na abin da ke waje ke samun gurbinsa a ciki, sai hoto ya tsaya a kife. Ibn al-Haytham ya yi bayanin wannan a Kitab al-Manazir da ya rubuta a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Amfanin gilashi shi ne ya tara haske mai yawa don a yi sauri. In ka cire shi, abin da za ka biya shi ne jira, amma abin da ke kusa da wanda ke nesa duk za su fito da kaifi iri ɗaya, ba saiti.

Na yi hudar da ƙaramar ƙusa a jikin kwalin takalmi, hoton ya fito dishi-dishi. Wane girma ya kamata?

Ƙusa ta yi girma, kwali kuma ya yi kauri, ga zare-zare da yake bari a bakin hudar. Kwalin aikinsa ya riƙe duhu kawai. Yanka masa taga mai faɗin santimita 1, hudar kuma a yi ta a wani ƙarfe daban, a manna a kan tagar ta ciki.

Girmanta ya danganta da tazarar da ke tsakaninta da takardar hoto, wato takarda mai jin haske da ake sawa a bangon cikin akwatin da ke fuskantar hudar. Lord Rayleigh ya fitar da lissafin a 1891, kuma a sauƙaƙe ga shi: auna tazarar da milimita, nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tazarar, sai ka ninka ta da 0.045. Tazarar milimita 100 tana ba da 10, wato huda mai faɗin milimita 0.45. Ta milimita 50 tana son kusan 0.3, ta 150 kuma 0.55. Kada ka ce bari in ƙanƙanta ta sosai don hoto ya ƙara kaifi. In ta yi ƙanƙanta fiye da kima, haske yakan baje yayin da yake wuce gefenta, sai dishi-dishin ya dawo ta wata hanyar, ga ƙarin jira a banza. Saɓanin kashi goma ko ashirin cikin ɗari ba zai dame ka ba.

Abin da zai dame ka shi ne tsabtar hudar. Yanko murabba'i na santimita 3 daga gwangwanin lemo na alminiyam, ka miƙar da shi a kan kwali mai tauri. Ɗora bakin allurar ɗinki a tsakiya, ka riƙa murza ta da yatsu a hankali har ɗan ƙullutu ya taso ta baya, ba tare da ta ɓulla ba. Juya ƙarfen ka goge ƙullutun da samfefa mai laushi, lamba 600 ko sama, har ɗigon haske ya bayyana. Gugar nan tana sirantar da ƙarfen a daidai wurin, abin da ake so ke nan. Sai ka mayar da bakin allurar kawai, ka murza, ka sake gogewa, ka wanke da ruwa don garin ƙarfe ya fita. Kada allurar ta shige duka, domin jikinta ya fi hudar da kake nema kauri.

Aunawa kuwa, in kana da sikana, ɗauki hoton ƙarfen a 2400 dpi (ɗigo 2400 a kowane inci) ka ƙirga ɗigogin da ke faɗin hudar: 42 ko 43 su ne milimita 0.45. A nan za ka ga ko da'ira ce sosai ko mai tsage-tsage. Yi guda biyar a zama ɗaya ka zaɓi mafi kyau, tun da ƙarfen kyauta ne.

Wata mai karatu ta tambaya: Sakan nawa zan bar hudar a buɗe? Takardata wani lokaci baƙa ƙirin take fitowa, wani lokaci fara fat.

Malama, fara da tuna cewa abin da ke fitowa nagatif ne, wato hoton da wurin haske ke fitowa baƙi, wurin duhu kuma fari. Baƙa ƙirin na nufin haske ya yi yawa, fara fat na nufin bai isa ba.

Raba tazarar da faɗin hudar: 100 a raba da 0.45 ya ba da 222, wato kyamararki f/222 ce, lambar da ke nuna ƙanƙantar ƙofar haske: girman lambar, ƙarancin hasken da ke shiga. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a rana tsaka mai haske, a f/16, lokacin buɗewa shi ne sakan ɗaya a raba da lambar ISO, wato ma'aunin saurin jin haske na fim ko takarda. Takardar hoto ta baƙi da fari ƙarfinta bai wuce ISO 3 zuwa 6 ba, don haka mu ce kashi ɗaya cikin shida na sakan. Raba 222 da 16, ki ninka amsar da kanta, za ki samu kusan 190. Ninka lokacin da wannan, ya zama sakan 32. To daga sakan 30 zuwa minti ɗaya za ki fara gwaji a hasken rana. In da gajimare, ninka sau huɗu. Cikin ɗaki kuwa maganar awoyi ake yi.

Mai amfani da fim yana da wata matsalar daban. In buɗewa ta wuce sakan ɗaya, fim yakan yi kasala, ba ya amsa haske gwargwadon lissafi. Ga HP5 Plus na kamfanin Ilford, sakan 10 na lissafi yana komawa kusan 20, sakan 30 kuma kusan 85. Kowane fim da nasa jadawalin a takardar bayaninsa.

Ki ɗora dutse ko littafi mai nauyi a kan akwatin. Yawancin hotunan da ake zargin huda a kansu, iska ce ta girgiza kwalin, ko hannu lokacin ɓare tef ɗin da ke rufe hudar. Tare gaban hudar da baƙin kati, ki ɓare tef, akwatin ya natsu, sannan ki janye katin.

Duk hoton ya yi toka-toka kamar hazo, kusurwoyi kuma sun yi duhu bayan na juya nagatif ɗin ya zama hoto.

Matsala biyu ce, ɗaya cuta, ɗaya ɗabi'a. Hazon haske ne da ya shiga ta inda ba a gayyace shi ba. Gwajinsa: sa takarda, rufe hudar, ajiye akwatin a rana minti biyar, ka wanke. In ba ta fito fara tas ba, akwai yoyo, galibi a bakin murfi, kuma inda tabon yake zai nuna maka ɓangaren. Zagaye murfin da baƙin tef na masu wayarin. Cikin akwatin ma sai an shafe shi da baƙin fenti marar sheƙi, musamman gwangwani, don ƙarfe mai ƙyalli yana watsa haske ko'ina. In takardar ta lanƙwasa ta bi zagayen gwangwani, guji mai sheƙi, domin ɓangare ɗaya zai haska ɗaya ɓangaren ya bar zane-zane. In akwatin ya ci gwajin, zargi jar fitilar ɗakin wankin hoto: ɗora kwabo a kan takarda ƙarƙashinta minti biyar, in siffarsa ta fito bayan wanki, fitilar ce.

Duhun kusurwa ba ya warkewa duka. Hasken da ke zuwa gefe tafiyarsa ta fi tsawo, kuma a karkace yake ratsa hudar. A digiri 45 daga tsakiya, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke isa. Ƙarfe mai kauri yana ƙara ta'azzara shi. Ko ka ƙara zurfin akwatin, ko ka rage takardar. A ganinmu ɗan duhun nan yana cikin kyan irin wannan hoton.

Me nake buƙata don wanki?

Ɗaki mai duhu sosai, jar fitilar masu hoto, da faranti uku masu zurfi. Na farko sinadarin fito da hoto, irin Multigrade na Ilford ana haɗa kashi 1 da ruwa kashi 9, minti ɗaya a ma'aunin zafi digiri 20 na Selsiyas ga takarda mai rufin roba. Na biyu ruwan da ke tsayar da aikin sinadarin farko, sakan 10 zuwa 30. Na uku sinadarin kafe hoto, minti ɗaya, sannan ɗauraya minti biyu a ruwa mai gudu. In ruwan ya yi ɗumi, hoto zai yi saurin fitowa ya yi wuyar sarrafawa, don haka sanyaya shi. Kowane faranti da nasa matsefin ɗauka, domin ɗigon sinadari na uku in ya faɗa na farko ya lalata shi. Fim kuwa ba ya jure jar fitila, sai duhu ɗungum.

Takarda shuɗi da kore take gani, ba ta ganin ja. Shi ya sa sararin sama ke fitowa fari ba gajimare, jan abu da fata mai duhu kuma su ƙara duhu. Hoton mutum ya fi kyau a inuwa mai haske, da ƙarin lokaci. Juya nagatif ya zama hoto ba wuya: ɗauke shi da waya ka juya launin, ko ka kifa shi fuska da fuska a kan sabuwar takarda, ka danne da gilashi, ka kunna farar fitila ƴan sakanni, ka wanke.

Da gaske ana barin hudar a buɗe wata shida?

Gaskiya ne, hanyar rana ake ɗauka. Ana sa takarda a dogon gwangwani, a naɗe shi da tef don ruwa, a ɗaure shi gam a jikin abin da ba ya motsi daga 21 ga Yuni zuwa 21 ga Disamba. Kowace rana tana zana layinta, ranar gajimare ta bar giɓi. An samu gwangwanin da ya shekara takwas a wurin duba taurari na Bayfordbury na Jami'ar Hertfordshire a Ingila, daga 2012 zuwa 2020. A ƙasashen arewa masu nisa ana fuskantar da hudar kudu, amma kusa da tsakiyar duniya rana na bi ta saman kai, don haka gabas ko yamma ya fi. Wannan takardar ba a wanke ta, domin hoton ya riga ya fito da kansa, sinadari kuma zai mayar da ita baƙa gaba ɗaya. A buɗe gwangwanin a ɗaki mai ƙarancin haske, in takardar ta jiƙe a busar da ita, a sa a sikana sau ɗaya ba tare da duban gwaji ba, saboda hasken na'urar yana cinye hoton a kowane wucewa.