Wane inji zan sa wa motar tsere in kuɗina kaɗan ne?

Tambaya daga Kubwa: Ina da tsohuwar BMW E36, so nake in haɗa ta don tseren miƙaƙƙen layi. 2JZ zan sa ko V8? Tsoro nake kar kuɗin da na daɗe ina tarawa su salwanta.

Ƙanina kwantar da hankalinka, gara da ka tambaya tun kuɗin na aljihunka. 2JZ mai turbo, injin Toyota Supra, cire shi a ranka, suna ya sa kuɗinsa ya haukace. Ƙaninsa 2JZ-GE na cikin Lexus GS300 da IS300 ya ishe ka, lita 3, silinda shida a jere, jikinsa ƙarfe ne, zai ɗauki turbo in Allah ya hore nan gaba. 1UZ na Lexus LS400 kuma V8 ne, wato mai silinda takwas, lita 4, tun daga tashi yake fizga, kuma tseren miƙaƙƙen layi na mita 402 ai tashin ne rabin aikin. Injin V8 na Chevrolet da ake kira LS da kake gani a YouTube a Amurka yake araha, nan kayansa sai oda da dala.

Amma wallahi ba sunan injin ne ke damuna ba, wanda za a miƙo maka a kasuwar kayan mota ta Apo ne. Inji ya gama wahala a Najeriya, a wanke shi da fetur a fesa fenti a ce ɗan Beljiyom ne jiya aka sauke, kai kuma ƙyalli ya ɗebe ka ka biya. Ka je da bakanikenka, ba wanda mai shago ya nuna maka ba. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga dasƙararren baƙi ko fari-fari kamar madara, juya ka tafi. A kwance fulogi a duba, a gwada matsin kowace silinda, a ba ka garanti a rubuce, kuma da giyabos da wayarin da kwakwalwar injin duk tare. Sannan don Allah kar ka kashe miliyoyi ka zo kana neman baƙin mai na araha a bakin titi, jabu ya yi yawa, kwana kaɗan inji zai buga. Ka ware na birki da taya da lagireto tun yanzu.

Daga Nyanya: Honda Accord da ake kira EOD gare ni, in canja inji?

A'a ɗan'uwa. In mai silinda huɗu ce, K24 ne a ciki lita 2.4, inji ne mai kyau. Rage mata nauyi, sa taya mai kama ƙasa.

Daga Gwarinpa: In na cire salansa gudu zai ƙaru? A titin Airport muke gwadawa da dare.

Ƙara ce za ta ƙaru, haba malam. Kuma titin nan akwai masu tsallakawa da ƙafa, ba zan ba ka shawarar inji ba sai kun samu rufaffen fili da izinin hukuma.