Sabon shiga yana sakin naushi da ƙarfi, kada ka rama a kansa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: shekararka biyu kana boksin, koci ya fara haɗa ka damben gwaji da wani da bai wuce wata uku da shigowa ba, an ce ku yi a hankali, shi kuwa yana kawo naushi kamar kun taɓa faɗa, har kana tunanin ka zuba masa guda ɗaya mai kyau ya shiga taitayinsa.

Kada ka yi. Ni na taɓa yi, shi ya sa nake gaya maka.

Ina cikin shekarata ta uku aka haɗa ni da wani dogon saurayi sabon shiga. A zagaye na biyu ya lailayo hannun dama ya same ni a kunne, kunnen ya ɗauki ƙara, na kuma ji wasu a gefen igiya suna dariya. Dariyar ce ta fi naushin yi mini zafi. Na ja baya na jira shi, da ya taho haɓa a sama na tare shi da dama miƙaƙƙe. Ya zauna daɓas, jini na zuba ta hanci. Kocinmu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in cire safar hannu, ya hana ni gwaji mako biyu, aikina kawai riƙe wa sababbi abin naushi. Saurayin ya sake zuwa sau biyu, ya daki buhu shi kaɗai a lungu, daga nan ban ƙara ganin sa ba. Ban koya masa komai ba, korar sa na yi.

A makon nan biyu na gane abin da ban gane ba da. Yawancin sababbi ba mugunta ke sa su sakin hannu ba, tsoro ne. Ka lura da naka gobe: yana riƙe numfashi, kafaɗunsa a ɗaure, in ya kawo naushi idonsa a rufe ko kansa a ƙasa. Bai san tazara ba, don haka yake jefo jikinsa gaba ɗaya don ya kai gare ka. Kuma in ka ce masa "rabin ƙarfi", ba ka ce masa komai ba, domin bai taɓa auna cikakken ƙarfinsa ba balle ya raba shi biyu. Iya rage ƙarfin naushi fasaha ce da ke zuwa bayan an iya naushin kansa. Kai kana da ita, shi ba shi da ita, saboda haka linzamin zagayen a hannunka yake. In ka ƙara ƙarfi, a ransa kai ne ka fara, sai ya ƙara nasa, kafin ƙararrawa gwaji ya zama faɗa.

Rabin gyaran kafin ku taɓa safa ake yin sa. Ka yi masa magana a gaban koci, ku ajiye sharaɗi ƙwaya ɗaya wanda ido zai iya gani, misali hannun gaba kawai a zagayen farko, ba dama, ba ƙugiya (naushin da ake lanƙwaso hannu ta gefe). Wannan ya fi "a yi a hankali" aiki nesa ba kusa ba, don wanda ya karya shi kowa ya gani. Minti biyu ya ishe shi maimakon uku, saboda sabon shiga in ya gaji ne yake fara jifa da hannu ido rufe. Safa mai nauyin oza 16, robar baki a bakin kowa, kuma in ka fi shi nauyi sosai ka sa wannan a lissafi.

A cikin zagaye, kada ka rage sauri har ka zama kamar mai tafiya cikin ruwa, wannan ma cutar sa ne, zai saba da lokacin da babu shi a gaske. Nauyin za ka cire. Kada ka dunƙule hannu sosai a cikin safa, ka taɓa ka janye. In yana sauke hannun dama duk lokacin da ya miƙa na hagu, taɓa shi a wurin da ya buɗe, a hankali, sau uku ko huɗu. Da kansa zai ɗaga hannun, kuma darasin zai zauna fiye da in ka tsaya kana yi masa bayani. In ya yi abu daidai, bar shi ya samu, ya ji daɗin hannunsa ya sauka a kafaɗa ko a ƙirji. Ban ce ka miƙa masa fuska kyauta ba.

Kuma kada ka ɗauka ɓata lokacinka ake yi. Naushin sabon shiga yana fitowa ta inda ba ka zata, ba tsari ba kari, abin da gwanaye ba za su taɓa ba ka ba. Ni a kan irinsu na gyara ƙafata da kaucewa. Sai in ce wa kaina wannan zagayen ba zan bar bayana ya taɓa igiya ba, ko kuma in shiga lungu da gangan in koyi fita ba tare da na yi naushi ba. Wanda kake lallaɓawa yau shi zai riƙa ba ka aiki nan da shekara biyu. Larry Holmes yana matashi abokin gwajin Muhammad Ali ne, a 1978 kuma ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi.

To in duk da haka ya ci gaba da zafi fa? Fara da baki: "Sassauta, ɗan'uwa." In bai ji ba, rungume shi, ka maimaita masa a kunne, ka bar shi ya yi numfashi. In ya sake, tare shi da hannun gaba a ƙirji da ɗan nauyi duk lokacin da ya taho, wannan yana tsayar da mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba. Ƙirji na ce, ba gefen dama ƙasan haƙarƙari inda hanta take ba, can wurin yana durƙusar da ƙato. In ya wuce nan, ɗaga hannu ka tsayar da zagayen ka gaya wa koci. Babu abin kunya a ciki, masu dariya a gefen igiya ba su za su kwana da ciwon kai ba.

Abin da ya sa nake ta cewa ka bar kansa: kada hular kariya ta ruɗe ka. Tana rage tsagewar gira da kumburi, amma ƙwaƙwalwa tana girgiza a cikin ƙoƙon kai ko da hula ko babu. A 2013 hukumar duniya mai kula da damben da ba na kuɗi ba ta cire ta ga manyan maza, a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ma haka maza suka yi dambe kai a buɗe. Sabon shiga kuma bai iya ganin naushi yana tahowa ba, bai ɗaure wuya ba, don haka abin da kai za ka shanye shi zai iya jijjiga shi. In ka ga ƙafarsa ta yi laushi, ko ya ce yana jin jiri, tashin zuciya, ko yana gani biyu-biyu, gwaji ya ƙare a ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, ya je likita ya duba shi.

Bayan ƙararrawa ku taɓa safa, ka faɗa masa abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara, sauran ka bar wa koci. Ban da sauke hannuwa kana yi masa rawa a gaba, ban da ɗora bidiyonsa a intanet ba da saninsa ba.

Akwai dai wani iri daban, wanda ya san abin da yake yi, yana jiran ka sassauta ya ɗirka maka, ya kuma waiga ya ga wa ya gani. In bayan mako biyu ko uku na hannun gaba kawai ka tabbatar naka irin wannan ne, ka ce wa koci ba za ka ƙara shiga da shi ba, shi ya san wanda zai haɗa shi da shi.